Guduma ko kwamfuta: Me zai raya sana'ar ƙira a Kende?

A masana'antun Turai da Japan akwai wata dabarar sarrafa fallen ƙarfe da masana ke yi wa kallon hanyar rage ɓarnar kaya. A tsohon tsari, kafin kamfani ya buga ƙofar mota ko murfin inji, sai ya ƙera mazubi na ƙarfe mai tsadar gaske, wanda siffa ɗaya kawai yake fitarwa. A sabon tsarin babu mazubi. Ana ɗaure fallen a kan firam, sai wani sandan ƙarfe mai mulmulallen baki, wanda kwamfuta ke sarrafawa, ya riƙa zagayawa yana danna shi kaɗan-kaɗan har siffar ta fito. An yi rajistar tunanin a Amurka tun 1967, injiniyoyin Japan suka bunƙasa shi a shekarun 1990, kamfanin Ford kuma ya bayyana nasa samfurin a 2013.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar maƙeri a Kende ko Bagudo zai ce ai wannan ba baƙon abu ba ne. Mai kurfoti da mazurari da kaskon suya haka yake yi: ya dafe falle a kan uwar maƙera, ya bi shi da guduma bugu bayan bugu. Amfanin da masana ke yabawa, wato yin kaya ƙalilan daidai da buƙatar mai saye ba tare da kashe kuɗin mazubi ba, yana hannun maƙeranmu tun kaka da kakanni. Abin da injin ya fi su da shi shi ne daidaito, domin zai fitar da guda hamsin kamar an tsaga kara.

Sai dai injin yana da nasa aibin. Yana da nawa ƙwarai. Abin da injin matsa zai buga cikin daƙiƙoƙi, shi sai ya ɗauki mintoci masu yawa, wani lokaci sa'o'i. Binciken da aka yi a kan makamashinsa ya nuna cewa mafi yawan wutar da yake sha tana tafiya ne wajen riƙe shi a kunne, ba wajen lanƙwasa ƙarfen ba. Haka kuma fallen yana ƙara sirancewa gwargwadon tsayuwar bangon abin da ake ƙerawa, har ya kai ga tsagewa. A ƙasar da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa Naira 225 kowane ma'auni a Afrilun 2024, kuma garuruwan kan iyaka suka dogara da janareta bayan cire tallafin mai a 2023, wannan nawa ba ƙaramin lissafi ba ne.

Babbar matsalar ma tana gaban wuta: ina fallen zai fito? An fara aikin Ajaokuta a 1979, har yau bai narka tama ya ba ƙasa ƙarfe ba. Kamfanin alminiyam na Ikot Abasi ya fara aiki a 1997, aka sayar wa Rusal na Rasha a 2007, daga nan ya nutse cikin shari'a. Saboda haka sabon falle, ko kayan yin sa, galibi daga waje yake zuwa, farashinsa kuma yana bin Dala tun da aka saki Naira a Yunin 2023. Maƙerin ƙauye ya daɗe da komawa ga tsohuwar ganga da jikin mota da kwanon rufi, waɗanda yake saye daga hannun 'yan gwangwan. A nan ne ainihin ɗorewar take, domin narka tsohon alminiyam yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kacal na makamashin da ake buƙata wajen yin sabo, buɗe ganga a miƙe ta kuwa ko narkawa ba ya buƙata.

To amma wannan hanyar ma tana ƙuntata. Manyan kamfanonin narka ƙarfe suna kwashe tsofaffin ƙarafa tirela-tirela da farashin da maƙeri ba zai iya gogayya da shi ba. Sata kuma ta ɓata sunan sana'ar: Borno ta haramta jari-bola a 2023, Abuja ta rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci a farkon 2025 bayan sace murafen magudanun ruwa. Matakan suna da hujja, amma ba su bambance ɓarawo da mai neman halak ba. Ga kuma kan iyaka: rufewar Agustan 2019 ta nuna wa 'yan kasuwar Tsamiya da Lolo yadda umarni ɗaya daga Abuja ke raba su da masu sayen kayansu na ɓangaren Benin.

Ba a ce injin ba shi da gurbi a Kebbi ba. Jihar da ta shahara da shinkafa tana cike da injinan casa da na ban-ruwa waɗanda murfi ɗaya ko mazurari ɗaya ke kwantar da su makonni, kuma irin wannan aikin na guda biyar ko goma shi ne daidai ƙarfin dabarar. Inji ɗaya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, ana koyarwa da shi ana kuma karɓar aikin maƙera, ya fi hankali a kan raba injina a ƙananan hukumomi su yi tsatsa a sito. Kafin nan, abin da ƙungiyoyin maƙera a Bagudo za su fi amfana da shi shi ne rajistar dillalan gwangwan, da ware musu kaso idan ma'aikatu za su yi gwanjon tsofaffin motoci da gangunansu.