Kada Mai Shago Ya Zaɓa Maka Waƙar Gwaji

Ma'aikacin da ya tara albashin watanni domin sayen na'urar sauti a kantunan Wuse yakan bar wa mai shago zaɓin waƙar gwaji. Wannan sakaci ne mai tsada. Mai shago zai sa waƙa mai rugugi, ya ƙure murya, domin ƙara tana rufe aibi, kuma kunne yakan ɗauki wadda ta fi amo a matsayin wadda ta fi kyau.

Hanya mafi aminci ita ce ka je da waƙoƙin da kunnenka ya haddace. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce. Na'urar kirki za ta fito da kowane kaɗi a sarari, ba tare da ya danne muryar mawaƙin ba. Kalangun makaɗan Shata zai nuna ko lasifika tana bin hawa da saukar sauti. Sai "Water No Get Enemy" ta Fela, ta 1975, inda ƙahonni da gangunan Tony Allen suke tafiya tare. Lasifika mai rauni takan cakuɗa su.

A kula da tushen waƙar kuma. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 kuwa sau da yawa 128 ne kacal. Abin da aka matse aka zubar, babu na'urar da za ta dawo da shi.

Ka saurara da murya madaidaiciya, irin ta falonka. Na'urar da ta gajiyar da kunnenka cikin minti 15, bar ta a shago.