Malaman sana'a suna nan Auyo, aji ne ba a ba su ba

Duk sa'ad da aka yi shelar shirin koyar da sana'a a ƙasar Haɗejiya, tun kafin mai shela ya rufe baki an san abin da za a koyar: ɗinki, haɗa sabulu da man shafawa, gyaran waya. A ɗauko malami daga birni, a yi kwanaki, a raba keken ɗinki da takardar shaida, a ɗauki hoto, a watse. Ban raina wannan ba, don na san gidajen da keken nan ne cinsu da shansu. Abin da ke damuna shi ne, a ƙauyen da aka kwaso masu koyon akwai dattijuwar da ta fi malamin nan gwaninta a tata sana'ar, kuma ba wanda ya ce da ita, "Inna, zo ki koyar."

Ya kamata mu Auyo mu fi kowa jin tsoron wannan sakaci, domin mun taɓa yin asarar da ba ta da mayarwa. Garin nan tsohuwar masarauta ce tun kafin jihadi, kuma yana da harshensa, Auyokanci, ɗan'uwan Badanci da Ngizimanci. Yau babu mai jin sa ko ɗaya. Ba wanda ya kafa dokar hana shi. Iyaye ne suka daina yi wa 'ya'yansu, har na ƙarshe da ya iya ya rasu.

Sana'ar hannu ma hanyar da ta ɗauka ke nan, kuma ina ganin na san ɗaya daga cikin dalilan. Da, rani shi ne makarantar sana'a. In an gama kaka an cika rumbu, sai maza su zauna a inuwa suna tufkar igiya, suna saƙar zana da gyaran koma, yara na gefe suna miƙa kaya, hannunsu na faɗawa ba tare da an ce yau darasi ne ba. Yanzu noman rani ya cinye wannan lokaci. Tun da ruwan madatsun Tiga da Challawa ya riƙa zuwa duk shekara, aka kuma faɗaɗa aikin ban-ruwa na kwarin Haɗejiya, wanda Shugaba Buhari ya zo Auyo ya ƙaddamar a farkon 2023, yaro daga gonar shinkafa sai ta alkama, daga nan sai tumatir. Alheri ne babba, ba mai musu. Amma zaman inuwar ya tafi, kuma ba a kawo komai a gurbinsa ba.

Wanda bai zauna kusa da mai saƙar tabarma ba zai ɗauka aikin ba ya buƙatar koyo. Sai ta zaɓi kabar da ba ta yi tsufa ba, ta shanya, ta tsaga da farce daidai wa daida, ta yayyafa mata ruwa don kada ta karye, ta rina wadda za ta rina. Tana hira tana saƙa, idonta ba ya kan aikin, amma da sili ɗaya ya kauce yatsanta ya ji. Ka ce ta bayyana maka yadda take yi, sai ta yi dariya ta ce, "Ai haka ake yi." Haka ma masunci da ke kifa cikinsa a kan gora yana ratsa ruwa, ya san wace gora ce za ta ɗauki nauyin mutum, ya san faɗin idon koma na kowane kifi. Iyawa daban, koyarwa daban, kuma ta biyun ce suke buƙatar a taimaka musu da ita.

Don haka ga abin da nake roƙon ƙaramar hukuma da masarauta da ma'aikatun jihar Jigawa. A mazaɓu goma na Auyo, daga Gamsarka zuwa Ayama, Unik, Kafur da sauransu, a sa dagatai da masu unguwanni da sarakunan ruwa su fito da gwanayen da kowa ya yarda da su. A tara su a nuna musu yadda ake kasa aiki mataki-mataki, yadda ake fara ɗan koyo da abu mai sauƙi kamar mafici kafin a kai shi ga faifai, yadda ake lissafin kuɗin kaya da ladan wahala. Sa'an nan kowa ya koma unguwarsa ya buɗe zama na yamma, sau biyu ko uku a mako. Na mata a yi shi cikin gida, domin matar aure ba za ta tafi sakatariya ba, amma za ta shiga maƙwabta. Kuma a biya su. Wanda ke koyarwa ya bar nasa aikin ne, ba daidai ba ne a sallame shi da godiya alhali malamin birni ya karɓi kuɗin mota da na masauki. Japan tana ba wa manyan gwanayenta kuɗi duk shekara don su horar da magada. Nijeriya ma ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan kare irin wannan gado, har bikin kamun kifi na Argungu ya shiga jerinta a 2016.

Na san za a ce tabarmar roba ta fi araha, wa zai sayi ta kaba? Gaskiya ne ta fi araha. Amma duk wanda ya kwanta a kanta a watan Afrilu ya san bambancin, kuma faifai da malfa da igiya har gobe suna tashi a kasuwar Haɗejiya. Ga kuma kacalla, wadda ta toshe mana hanyoyin ruwa, tana ƙara mana ambaliya irin ta 2020 da 2022. A Senegal da Muritaniya suna sarrafa ta su yi gawayi. Mu kuwa kuɗi muke kashewa a nome ta a zubar, alhali masu saƙa da jinka ne suka fi kowa sanin abin da ciyawa za ta iya zama.

Cikas na gaske yana wurin gwanayen kansu. Sana'a a wurinmu gado ce, kuma akwai wanda zai ce ba ya koya wa bare abin da ya gada daga kakansa. Ina girmama wannan, kuma ba na so a tilasta wa kowa. A fara da waɗanda suka yarda, a bar wa kowane gwani ikon zaɓar ɗalibansa, a kuma rubuta sunansa a takardar shaidar duk wanda ya yaye. Kuɗin da ake kashewa a bikin rufe horo guda ɗaya zai sayi kaba da zare da rini na watanni.