Son Wasa Ba Ya Biyan Haya

Ƴan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta fara yawo a fada-fadarmu ta Banifandou, kuma ya kamata a taka mata birki. Wai wanda ya samu aiki a kamfanin ƙera wasannin bidiyo ya gama sa'a, wasa yake yi ana biyan shi, don haka ba ya da bakin tambayar albashi ko lokacin tashi. Wanda duk ya gaya muku haka, ko bai san aikin ba, ko kuma shi ne mai shirin cin guminku.

Mu fara da FIFA ɗin da muke kwana bugawa. Kamfanin Electronic Arts na Amurka ne ya yi shi. A 2004 wata mata, Erin Hoffman, ta fito da wasiƙa tana bayyana yadda kamfanin ke sa wanda za ta aura aiki kwana bakwai a sati, ba a biyan shi awoyin ƙari. Magana ta kai kotu, kamfanin ya biya ma'aikata miliyoyin dalar Amurka. A 2018 Dan Houser na Rockstar, masu GTA, ya ce sun yi satuttuka na awa 100 wajen kammala Red Dead Redemption 2. Da aka yi mishi ca, sai ya ce ai shi da ƴan tsirarun marubuta yake nufi. To, ku yi lissafi: awa 100 a sati ya fi awa 14 kowace rana, har da Lahadi. Shugaban da ke alfahari da wannan, me kuke zaton yake jira daga yaron da ya ɗauka jiya?

Sai a ce, ai da wahala ake yin abu mai kyau. CD Projekt na ƙasar Poland ya yi alkawarin ba zai tilasta ma kowa ba, sannan a Satumban 2020 ya wajabta aikin kwana shida a sati. Cyberpunk 2077 ya fito a Disamba cike da kurakurai, har Sony ta cire shi daga kasuwarta ta PlayStation. An tatsi mutane, aikin kuma ya fito a gurguje. Ina ribar?

Inda ba a iya cewa a'a kan lokacin tashi, ba a iya cewa a'a kan abin da ya fi shi muni. A Yulin 2021 jihar California ta kai Activision Blizzard ƙara kan yadda ake bambanta mata da maza a wurin aiki. A Faransa, a Yulin 2025, kotun Bobigny ta samu tsofaffin manyan Ubisoft uku da laifi a shari'ar cin zarafin ma'aikata. Ƴan'uwanmu mata da ke karatun kwamfuta, wannan ya shafe ku fiye da kowa.

Wani zai ce, wannan can ne, mu nan ina muka ga kamfanonin? Suna tafe. Maliyo Games na Legas, Kiro'o Games na Yawunde ya fito da Aurion tun 2016, kuma yau yaro na zaune a Yamai yana yi ma wani na ƙetare zane ta intanet. Ba ni zargin waɗannan da komai. Abin da nake tsoro shi ne halin da muka riga muka saba da shi: koyon aiki na wata shida, ya koma shekara, ba ko kuɗin taksi, ba takarda, mai gida na cewa "ai mu duka dangi ne". Dangi har ranar da kuɗi suka shigo. Ranar nan kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ce awa 40 a sati, abin da ya hau kai a biya shi. Ba ta ce ban da masu son aikinsu ba. Likita na son aikinshi, malami ma haka, amma ba wanda ya ce su ci so su ƙoshi. Mai gidan haya ba ya karɓar sha'awa, NIGELEC ma haka.

Mafita kuma ba a ɓoye take ba. A Faransa ma'aikatan wasanni sun kafa sandikarsu, STJV, a 2017. A Mayun 2022 masu gwajin wasa na Raven Software, ƙananan ma'aikata da ke duba kurakuran Call of Duty, suka jefa ƙuri'a, 19 da 3, suka kafa tasu. Mutum 22 ke nan, ba su cika aji ɗaya ba a Jami'ar Abdou Moumouni. Mu da muka tashi cikin USN, ba mu ne za a koya ma amfanin haɗa kai ba.

Saboda haka, kafin ka taɓa linzamin kwamfutar kowa, tambayi abu huɗu: takardar aiki mai sa hannu, yawan awoyi, rajistar CNSS, da sunanka a jerin waɗanda suka yi wasan. In ya ce ka cika son kuɗi, ka tambaye shi ko shi kyauta zai raba wasan. In kuma gobe kai ne ka buɗe naka kamfani, ka tuna an ce tun ran gini ran zane: yadda ka riƙe ma'aikacinka na farko, haka masana'antar ƙasar nan za ta tashi.