KAFIN MU ƘURE WA KWAMFUTA MALEJI

 Mu 'yan ƙungiyar kwamfuta ta wannan makaranta mun ga ya dace mu yi amfani da filin da aka ba mu a mujallar bana domin mu faɗi ra'ayinmu a kan wata magana da ta daɗe tana jawo gardama a tsakaninmu, tun daga ɗakin kwana har zuwa layin abinci. Maganar kuwa ita ce ta tilasta wa kwamfuta gudun da ya wuce wanda maƙeranta suka tsara mata, abin da masu wasan gem ke kira obakulokin. Mu dai za mu kira shi da sunan da direbobin Kwanar Dangora suka sani, wato ƙure maleji.

Ba haka kawai muka ɗauko zancen ba. A ƙarshen watan Maris da ya wuce, waɗansu daga cikinmu sun kalli wani bidiyo, suka shiga cikin saitin kwamfutar da ta fi kowacce kyau a ɗakin kwamfutarmu, suka ƙara mata gudu da ƙarfin wuta domin wasan ƙwallo ya daina sarƙewa. Kwana biyu ana ta murna. A rana ta uku ta fara ɗaukewa da kanta, a ta huɗu kuwa aka kunna ta ƙi tashi. Sai da aka kai ta Kano wajen gyara, ba ta dawo ba sai bayan an gama jarrabawar JAMB. Kowa ya san tun shekarar 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta wannan jarrabawa, kuma da yawa daga cikin 'yan aji shida, musamman waɗanda suka fito daga ƙauyukan Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, ba su da inda za su koyi riƙe linzami da danna amsa sai a wannan ɗaki. Laifin namu ne, mun amsa shi. Abin da muka koya daga baya shi ne muke so mu raba da ku.

Da farko, mene ne ake ƙurewa? A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan guntu da bai kai faɗin akwatin ashana ba, wanda ake kira furosesa, shi ne ƙwaƙwalwarta. Yana aiki ne da bugu kamar yadda zuciya take bugawa, sai dai nasa bugun ya wuce lissafin baki. Idan aka ce furosesa tana gudun gigahaz 4, ana nufin tana bugawa sau biliyan huɗu a daƙiƙa ɗaya. Mai ƙure maleji yakan shiga saiti ya ɗaga wannan adadi, kuma domin kada ta yi tuntuɓe sai ya ƙara mata ƙarfin wuta. A nan gizo yake saƙar. Zafin da furosesa ke fitarwa yana ƙaruwa daidai da gudunta, amma game da ƙarfin wuta ninki biyu yake hawa. Mu ɗauki misali irin na ajin lissafi: idan aka ƙara gudu da kashi 10 cikin ɗari, aka kuma ƙara ƙarfin wuta da kashi 10 cikin ɗari, sai a ninka 1.1 da 1.1 da 1.1, a sami 1.33. Ke nan domin ribar gudu ta kashi goma, an sayo ƙarin zafi na kashi 33 cikin ɗari. Duk ɗan kasuwar da ya yi irin wannan ciniki ran kasuwa, ba zai daɗe da jari ba.

To ina wannan zafi yake zuwa? A bisa furosesa akan ɗora wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji, a shafa wani mai a tsakaninsu domin zafin ya ratsa da kyau, sa'an nan fanka ta hura iska ta cikin haƙoran. A cikin ƙarfen akwai bututan tagulla da aka rufe bakinsu, da ɗan ruwa kaɗan a ciki. Ruwan yakan zama tururi a gefen da ke da zafi, ya tafi gefen fanka ya huce ya koma ruwa, ya dawo ya sake ɗiba. Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin da ita randar iyayenmu mata ke sanyaya ruwa: ruwan da ke tsattsafowa a jikinta yana bin iska ya tafi da zafi. Da ita kuma marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar saka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Sai dai akwai wata ƙa'ida da masu bidiyo ba su cika faɗa ba. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗakin da take ciki ita take ɗiba ta hura, saboda haka ba za ta taɓa sauko da furosesa ƙasa da zafin ɗakin ba. Mutumin da muka kwaikwaya yana zaune ne a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 22 ba. Idan tasa furosesar ta kai digiri 80 a can, to ita ɗin dai, da saiti iri ɗaya, za ta kusanci digiri 98 a ɗakin da ke digiri 40. Kowa kuwa ya san yadda bazararmu take daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni kan kai digiri 40 har ya haura, balle a ɗakin kwano marar silin da ƙarfe biyu na rana. Yawancin furosesoshin Intel na zamani iyakarsu digiri 100 ne, na AMD samfurin Ryzen 7000 kuwa digiri 95. Da zarar sun isa nan sai su rage gudu da kansu domin su tsira da rai. Wato wanda ya ƙure maleji a watan Afrilu yana iya ƙarewa da kwamfutar da ta fi ta da nawa. Ashe da gaskiyar Hausawa da suka ce sauri ya haifi nawa.

Wani zai ce a sayo mai sanyaya da ruwa mana. Gaskiya ne akwai irin wannan, kuma tana da kyau ga mai hali. Amma aikinta ɗaya ne da lagireton mota: ruwa ya kwaso zafi daga inji, ya kai shi inda fanka za ta hura masa iskar waje. In iskar wajen ta yi zafi, ruwan ma zai yi. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Falgore da rana tsaka ya ga motar da aka yi wa lodin wuce kima tsaye a gefen titi, an ɗaga bonet, tururi na tashi. Ita ma da lagiretonta.

Bayan zafi sai ƙura. Hunturu yakan rude mu, domin daga Disamba zuwa Fabrairu gari da sanyi, kwamfuta na aiki lafiya lau, sai mutum ya ɗauka saitinsa ya zauna. Alhali a daidai wannan lokaci ne fanka ke zuƙo ƙurar buji tana cusa ta cikin haƙoran ƙarfen nan, har ta zama kamar bargo. Bazara na shigowa sai ta tarar da hanyar iska a toshe. Da mai gyara ya buɗe tamu kwamfutar, ƙurar da ya kakkaɓo ta isa cika hannu, man da ke kan furosesa kuma ya bushe ya farfashe kamar bakin tafki da rani. 'Yan'uwanmu na wajen Riruwai suna iya alfahari da sanyin duwatsunsu, amma ƙurar hunturu ba ta bar kowa ba.

Na uku shi ne wuta. Katin hoto samfurin RTX 4090 da kamfanin Nvidia ya fitar a 2022 yana cin wat 450, furosesa Core i9-14900K ta Intel kuma takan kai wat 253 in ta buɗe wuta. Su biyu kawai sun haura wat 700, ba a sa allo da sauran kaya ba. Wannan ya kusa cinye duk abin da ƙaramin janareta na gida yake bayarwa, kuma kusan dukkan wutar nan zafi take komawa a cikin ɗakin, kamar an kunna dutsen guga an bar shi. Ga kuma halin wutarmu, yanzu ta yi sama, an jima ta yi ƙasa. Ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da Kano da yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Injin da aka kai shi maƙura ba shi da sauran juriyar da zai ɗauki irin wannan wasa da wuta.

Domin adalci, bari mu saurari 'yan'uwanmu da ke ɗaya ɓangaren. Suna cewa ƙure maleji hanyar talaka ce ta samun gudu kyauta, kuma hanyar koyo ce. Akwai zamanin da maganarsu ta farko take dutse. A 1998 kamfanin Intel ya fitar da wata furosesa mai araha, Celeron 300A, wadda aka tsara a kan megahaz 300, mutane suka gano da ɗan sauyi kaɗan tana gudu a kan 450, ta yi kafaɗa da kafaɗa da masu tsada. Ribar rabi ke nan cur. Amma zamani ya sauya. Tun 2008 Intel ya fara sa wa furosesoshinsa dabarar Turbo Boost, wadda ke ƙara gudu da kanta muddin akwai sauran sanyi, AMD ma yana da irin tasa. Yau maƙeran da kansu sun riga sun tatse kusan duk abin da ke ciki kafin kaya ya bar masana'anta. Har ma a 2024 Intel ya amsa cewa ƙarfin wuta da ya yi yawa yana lalata waɗansu furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14, ya gyara saitin, ya kuma ƙara wa masu su garanti na shekara biyu. In masu abu da injiniyoyinsu sun ƙone hannu, ina ga ɗan aji huɗu da bidiyon minti goma?

Labaran bajinta da muke ji ma sai a san yadda aka yi su. A watan Disamba na 2022 wata tawaga ta kamfanin Asus ta kai furosesa Core i9-13900K sama da gigahaz 9, karo na farko a tarihi. Amma da ruwan iskar hiliyam suka yi, wanda sanyinsa ya kai digiri 269 ƙasa da sifili, kuma na ɗan lokaci kaɗan, domin a rubuta suna kawai. Wannan sukuwar sallah ce, ba wanda ke zuwa gona da ita. Mu tuna kuma yawancin kwamfutocin da ke hannunmu na ofis ne da aka sayo na hannu daga kasuwannin Kano irin su Farm Centre da titin Beirut, sun riga sun sha aiki a wata ƙasa, babu garanti, babu rarar kuɗin sayen wata.

Maganarsu ta biyu kuwa mun yarda da ita. Ba a zama makaniki da kallo. Shi ya sa muke roƙon hukumar makaranta ta ware mana ɗaya daga cikin tsofaffin kwamfutocin da ke jibge a sito, mu yi gwaji da ita a gaban malami, da ma'aunin zafi da littafin rubuta sakamako. In ta mutu, ilimi muka saya. Waɗanda ake koyon jarrabawa da su kuwa amana ce, kada kowa ya taɓa saitinsu.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, a ƙasa irin tamu gudu yana cikin sanyi, kuma mai son kwamfutarsa ta yi sauri sai ya fara daga nan. A ɗaga ta daga ƙasa a ɗora a kan tebur, a ba ta tazara daga bango. A buɗe ta a hure ƙura da bulowa aƙalla sau ɗaya kowane zango, musamman a ƙarshen hunturu, bayan an zare ta daga wuta. A sabunta man kan furosesa idan ya bushe. Mai ta tafi-da-gidanka kada ya ɗora ta a kan katifa ko filo, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Kada a lulluɓe ta da mayafi tana aiki, kada kuma a kusanto ta da ƙanƙara ko jiƙaƙƙen tsumma, domin raɓa da lantarki ba sa ga maciji. A sa manhajar duba zafi irin HWMonitor, wadda kyauta ce, in an ga digiri ya doshi 90 a dakata. Masu wasa su rage ƙawar hoto, su tsayar da shi a kan hoto 60 a daƙiƙa, su kuma zaɓi safiya ko bayan faɗuwar rana. Akwai ma dabarar da ta fi dacewa da mu, wato rage wa furosesa ƙarfin wuta kaɗan ba tare da taɓa gudunta ba. Lissafin nan na 1.1 sai ya juyo ya zama namu: zafi ya ragu sosai, fanka ta huta, batir ya daɗe.

Ga iyayenmu da malamanmu kuma muna da ɗan roƙo. Idan Allah ya hore aka tashi taimaka wa ɗakin kwamfuta, kafin a ƙaro sababbin injuna a duba silin, a buɗe tagogi masu fuskantar juna da raga a jikinsu, a sa sitabilaiza, a dasa darbejiya ta yammacin ginin. Kuɗin waɗannan bai kai na kwamfuta biyu ba, amma za su tsawaita ran duk waɗanda muke da su. Rigakafi ya fi magani.

Daga ƙarshe muna ba 'yan aji shida na bana haƙuri bisa kwanakin koyo da muka jawo musu asara. Ƙannenmu masu tasowa kuma, mun bar muku bulowa da littafin gwaji a ofishin malamin kwamfuta. Da zarar hunturu ya juya baya, ku tuna da buɗe murfi. Sannu ba ta hana zuwa.