Wannan Zafin Ba Bakinsa Kaɗai Yake Ƙonawa Ba

Yau za mu taɓo wani al'amari wanda yawancinmu muke ɗauka zancen maza ne, watau tuƙin mota cikin maye. Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. To, amma wannan zafin ba bakin direba kaɗai yake ƙonawa ba, gama ran da aka kama shi, ke da yara ne za ku kwana ba a ɗora tukunya ba.

Bari mu fara da abin da doka ta ce. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta yanka wa wanda ya yi tuƙi cikin maye tarar N5,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko kuwa a haɗa masa duka biyun. Kada wata ta ce ai nata mijin ba ya shan giya. Dokar ta haɗa har da ƙwaya, saboda haka mai tiramol da mai kodin da mai wiwi duk jirgi ɗaya ya kwaso su. In kuwa ya kashe rai ta hanyar tuƙin ganganci, dokar manyan hanyoyin tarayya ta tanadi ɗaurin shekara 7. A jihohin da suka kafa shari'ar Musulunci tun daga 2000 kuma, Musulmin da aka tabbatar ya sha giya bulala 80 ke jiransa.

Wata za ta ce N5,000 ai ba ta kai kuɗin cefanen kwana biyu ba. Gaskiya ne, amma tara ita ce mafi ƙanƙanta cikin asarar. Muddin mota tana tsare, ba kwabon da zai shigo gida. Ga kuɗin lauya, ga zirga-zirgar kotu, yau a ɗage, gobe a ɗage. In direban wani ne, mai mota ya karɓe makullinsa. In ma'aikaci ne, aikin na iya salwanta. Inshorar dole, wadda ta koma N15,000 a Janairun 2023, ɓarnar da aka yi wa wasu take biya, ba ta gyara motarku. In an yi rauni, ga kuɗin asibiti. In rai ya salwanta aka zo maganar diyya, to, ki sani dinari 1,000 ce ta zinariya, watau fiye da kilo 4.

Daga ina duk wannan kuɗi zai fito? Ke ma kin san amsa. Da fari a kwashe adashinki, sa'an nan a sayar da 'yan kunne da sarƙa, keken ɗinki ya bi baya, daga ƙarshe a taɓa kuɗin makarantar yara. Sau da yawa kuwa yarinya ake fara cewa ta dakata tukuna.

In abin ya riga ya faru, ki san hakkinki. Dokar tarayya ta 2015 mai tsara shari'ar laifuffuka ta hana a kama mutum a madadin wani, don haka ba a tsare mace saboda laifin mijinta. Ta kuma ce ba za a hana mace tsaya wa mutum beli don tana mace ba. Amma ki yi tunani kafin ki sa hannu, domin in ya gudu, ke za a bi kuɗin belin.

Rigakafi dai ya fi magani. Ki yi wa maigida magana sa'ad da yake cikin hayyacinsa, cikin ladabi, ki lissafa masa abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya. In ya tashi fita a buge, kada ki yi kokawa da shi a kan makulli. Aika a kira wansa ko amininsa wanda yake jin nauyi. Rufin asirin miji abu ne mai kyau, amma wanda za a tona a gaban alƙali gara a tona shi a gaban mahaifinsa. Ko kusa kuma kada ki yarda ya ɗauki yara.

Ku kuma 'yan makaranta, in kun tsayar da adaidaita ko acaba, ku dubi mai tuƙin. In idonsa ya kaɗa ja, maganarsa tana sarƙewa, ku bar shi ya wuce. Bulalar latti ta fi gadon asibiti sauƙi. In kun tarar da haɗari a hanya, lambar jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122, kyauta ce.

Allah ya tsare mana mazajenmu da 'ya'yanmu, amin. Sai mako mai zuwa.