Kafin Tukunya Ta Sauka, A Ba Yara Kwaɗo

Ranar biki tukunya ba ta saurin sauka. Mata na gaban murhu tun hantsi, nama bai nuna ba, yunwa kuwa ta kama yara. Sai a miƙa musu alawa da biskit da lemun kwalba don su yi shiru. In an sauke abinci, zaƙi ya riga ya kashe musu marmari, sai su ture kwano. A ganinmu, gara a tare yunwar da ɗan abinci mai sanyi wanda zai amfani jikinsu.

Na farko shi ne kwaɗon zogale. Ku dafa ganyen, ku matse, ku bari ya huce. Ku zuba dakakken ƙuliƙuli, da tumatir, da albasa kaɗan, da ɗan mai da gishiri, ku matsa lemun tsami. Zogale na da bitamin A mai kare ido, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Lemun tsami na taimaka wa jiki ya sha wannan sinadari, ƙuliƙuli kuma na gina jiki. Barkono a ajiye shi gefe don manya.

Na biyu, ƙwai da aka dafa minti 10, aka raba biyu. Na uku, gwanda ko mangwaro ko kankana, a yanka ƙanana, a cire ƴaƴan.

Wasu za su ce ranar biki ranar nama ce, ganye abincin rashi ne. Ai ba mu ce a hana yaro nama ba. Ludayi guda na kwaɗo ba ya cika ciki, tsokarsa na nan tana jiransa. Kuma yaron da ya ga an kawo zogale a kwano mai kyau gaban baƙi, ba zai raina shi gobe ba.

Amma a kula. Abinci mai sanyi ba ya komawa wuta, don haka duk ƙwayar cutar da ta shiga, sai cikin yaro. Ta nan zawo ke shiga gida bayan biki, zawo kuwa na saurin ƙarar da ruwan jikin ƙaramin yaro.

Ku wanke hannu da sabulu, naku da na yara. Ku wanke tumatir da ƴaƴan itace da ruwan da kuke sha, kafin a yanka. Wuƙa da faifan da suka taɓa ɗanyen nama kada su taɓa kwaɗo sai an wanke su da sabulu. Ku haɗa shi dab da lokacin ci, ku rufe saboda ƙuda. In ya wuce awa 2 a ajiye, kada a ba yaro. Ƙuliƙuli mai fumfuna ko ɗaci a zubar, yana cutar da hanta.

Kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba gyaɗa guda-guda, tana iya shaƙe shi. Jaririn da bai cika wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi.

Rigakafi ya fi magani. In biki ya matso, ku tanadi zogale da ƙwai tare da shinkafa da nama, ku sa mutum ɗaya ya kula da kwanon yara.