Ertugrul Hikaya Ce, Ba Tarihi Ba

Ko da yake jama'a sun ƙwallafa rai a kan wasan Ertugrul, wanda tashar TRT ta Turkiyya ta nuna daga 2014 zuwa 2019, har wasu suna kafa hujja da shi a majalisa tamkar littafin sira, wajibi ne a faɗa cewa hikaya ce, domin abin da ya tabbata game da Ertugrul, mahaifin Usman mai kafa Daular Usmaniyya, kaɗan ne ƙwarai. Shehu Ibn Arabi kuwa, da ake nunawa yana yi wa Ertugrul nasiha, ya rasu a Dimashƙa a 1240, kuma babu ingantacciyar riwaya da ta haɗa su. A sha kallo, amma tarihi a ɗauke shi daga malamai da isnadinsa.